Atget, Tsohon da Ya Zaga Paris da Kyamarar Katako

A zangon da ya wuce malaminmu na darasin ɗaukar hoto ya ba mu jinga: kowa ya zaɓi mai ɗaukar hoto guda, ya kawo tarihinsa. Ni dai na yi nawa har aka kwashe sanannun sunaye, aka bar ni da wani Bafaranshe da ko kiran sunansa ban iya ba, Eugène Atget. Ashe Atje ake faɗa. Da na buɗe hotunansa a waya sai na ji kamar an cuce ni. Lungu babu kowa, ƙofar shago, matakala, bishiya, keken doki a ajiye. Na ce to wannan me ya ɗauka ke nan? Sai da na bi rayuwarsa tukuna na gane.

An haife shi a 1857 a garin Libourne, kusa da Bordeaux. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, kakanninsa suka riƙe shi. Ya taɓa aikin jirgin ruwa, daga nan ya nufi Paris yana son zama ɗan wasan kwaikwayo. Shekaru ya yi yana bin tawagar 'yan wasa gari-gari, bai taɓa zama tauraro ba. A can ya haɗu da Valentine, wadda suka zauna tare har ƙarshen rayuwarta. Daga baya maƙogwaro ya ba shi matsala, ya bar wasan. Ya gwada zane, shi ma bai karɓe shi ba. Sai da ya haura shekara 30 sannan ya riƙe kyamara.

Da ya zauna a Paris wajen 1890, neman abinci kawai yake yi. Yana ɗaukar furanni da bishiyoyi da gine-gine yana sayar wa masu zane su kwaikwaya. Wajen 1898 ne ya juya ga tsohon birnin, kuma akwai dalili. Tun tsakanin 1853 da 1870 wani jami'i mai suna Haussmann ya rushe tsofaffin unguwanni ya shimfiɗa manyan tituna, ga shi kuma an fara haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya tsira daga rusau na farko yana jiran na biyu. Atget ya ƙudura sai ya ɗauke shi kafin ya tafi.

Ku dubi kayan aikinsa. Kyamarar katako ce mai ƙafa uku, ana lulluɓa baƙin ƙyalle a ka kafin a leƙa. Ba fim take ci ba, faifan gilashi ne mai santimita 18 da 24. In aka haɗa komai, nauyin ya kusa kilo 20. Ƙananan kyamarori sun riga sun fito a lokacin, amma ya tsaya a kan tasa. Haka yake saɓa ta da asuba, ya yi ta tafiya a ƙafa, kusan shekara 30. Gilashin na buƙatar lokaci kafin haske ya zauna a kansa, don haka duk wanda ya gifta sai ya fito kamar hayaƙi, ko ma ya ɓace. Ka ga dalilin da ya sa titunansa suke kamar an yi shara.

Amma fa akwai mutane a aikinsa. Wajen 1899 zuwa 1900 ya bi masu ƙananan sana'o'i a titi: mai tallan burodi, mai sayar da lema, mai kiɗa yana bara. Daga baya ya fita bayan gari inda 'yan jari-bola suka kafa bukkokinsu, ya ɗauke su a ƙofar ɗakunansu da tarkacen da suka tsinto. Hoton da ya fi burge ni na 1912 ne. An yi husufin rana, jama'a sun taru a dandalin Bastille kowa ya ɗaga kai sama. Shi kuwa bai ɗauki rana ba, masu kallon ya ɗauka.

Gidajen tarihi da ɗakunan karatu su ne manyan masu sayen hotunansa. A 1920 ya sayar wa gwamnati faifan gilashi sama da 2,600 a kan faran 10,000. Bayan haka ya fi yawan zuwa manyan lambuna na wajen birni, irin su Saint-Cloud da Sceaux, yana komawa wuri ɗaya a yanayi daban-daban. Wasu na cewa gwanintarsa dace ce kawai. Ni ban yarda ba. Wanda ke neman shaida kawai ba zai yi sammako ya jira hazo ya kwanta a kan tafki ba.

Suna bai dame shi ba. Maƙwabcinsa Man Ray, wani mai hoto Ba'amurke, ya buga wasu hotunansa a mujalla a 1926, Atget ya nemi kada a sa sunansa, wai shi takardun shaida kawai yake yi. A shekarar Valentine ta rasu, jikinsa ya yi sanyi. A 1927 wata matashiya Ba'amurkiya, Berenice Abbott, ta ɗauke shi hoto, ga shi nan a ranƙwafe cikin babbar kwat. Da ta koma ta nuna masa, sai ta tarar ya mutu, ranar 4 ga Agusta. Ita ta sayi ragowar aikinsa ta kai Amurka, ta yi shekara 40 tana tallata shi, har gidan adana zane-zanen zamani na New York ya saye su a 1968.

Bayan na miƙa jingar na duba wayata. Selfi da hotunan biki sun cika ta, amma babu ko ɗaya na rumfar mai shayin bakin get da aka rushe lokacin hutu, inda na yi shekara biyu ina karyawa. Ranar Asabar bayan sallar asuba na fita, na fara da mai facin da ke tsallaken titi. Na nemi izininsa, ya ce in jira ya sauya riga. Da ƙyar na shawo kansa ya tsaya a yadda yake, da taya a hannu.