Az-Zahrawi, Likitan Da Bai Manta Da Mai Naƙuda Ba

'Yar'uwa, in an taɓa yi miki aiki wajen haihuwa, ko an yi wa wata taki, to ya kamata ki san wannan bawan Allah. Sunansa Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi. An haife shi wajajen shekarar 936 Miladiyya kusa da birnin Ƙurɗuba a Andalus, wato ƙasar Sifen ta yanzu, lokacin tana hannun Musulmi. Ya yi fice har ya zama likitan fadar Halifa Al-Hakam na biyu.

Littafinsa At-Tasrif kashi 30 ne. Na ƙarshen a kan fiɗa yake, da zanen kayan aiki kusan 200, kuma Turawa sun fassara shi, sun yi ɗaruruwan shekaru suna koyar da likitocinsu da shi. Amma ni abin da ya fi burge ni, da ya tuna da ungozoma. Ya rubuta mata yadda za ta yi in ɗa ya zo da ƙafa ko a gicciye, da yadda ake fitar da mabiyiya in ta maƙale. Ya bayyana cikin da ke zama a wajen mahaifa. Ya kuma shahara da ɗinki da zaren hanjin dabba, mai narkewa da kansa a cikin jiki.

Sai dai fa a zamaninsa da wuya a tsaga cikin mace ta rayu, don babu ƙarin jini, babu maganin ƙwayoyin cuta. In ɗa ya mutu ya ƙi fita, sai a ciro shi gunduwa-gunduwa don a ceci uwar, har kayan wannan aikin ya zana. Abin tausayi!

Yanzu kuwa Allah Ya kawo sauƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haihuwa 21 cikin 100 ta tiyata ce, alhali a Najeriya a 2018 kusan 3 ne kacal. Ba wai matanmu ba sa buƙata ba ne. Doguwar naƙuda da ƙanƙantar ƙugu da jijjiga suna nan, amma wata sai an ga uwar bari ake kai ta asibiti, wata maigida ya ƙi sa hannu, wata kuma tana gudun gorin kishiya, kada a ce raguwa ce. Ragwanci a tsaga ciki?

Az-Zahrawi ya rasu wajajen 1013, bayan fitina ta rushe birnin Az-Zahra da ake jingina sunansa gare shi. Allah Ya jiƙansa.