Shehu Sanusi na Tilimsan, Mai Ummul Barahin

Kada mai karatu ya ɗauka Sanusin ɗariƙar nan ta Libiya ne, wanda ya rasu a 1859. Wannan ya riga shi da kusan shekara 370. Sunansa Muhammadu ɗan Yusufu, an haife shi wajen shekarar 1428 a birnin Tilimsan na ƙasar Aljeriya ta yau, kuma a can Allah Ya yi masa rasuwa a 1490.

Ya yi karatun lissafi da rabon gado a wajen Alƙalasadi, ya kuma je birnin Aljas wajen Shehu Sa'alibi. Daga baya ya yi rubutu a kan ilimin manɗiƙi, har da likitanci. Amma abin da ya sa sunansa ya ƙetare Sahara shi ne wani ɗan littafin tauhidi da bai wuce 'yan waraƙu ba, Ummul Barahin, wanda ya bi ayari ya shiga zaurukan malamai tun daga Tumbutu har Kano da zangunan ƙasar Gwanja da Asante.

A ganinsa bai kamata baligi ya tsaya ga imanin da ya gada ba tare da sanin hujjarsa ba. Hujjar kuwa duk mai riƙe sikeli zai gane ta. Abin da ke motsi yana tsayawa yana sauyawa, dole yana da mafari. Kafin ya samu, samuwarsa da rashinsa daidai suke kamar sikelin da ba a ɗora masa komai ba. To, ɓangare guda ba ya rinjaya haka kawai, sai an sami mai rinjayarwa.

Amfaninta ga Bahaushen da ke zaune a Tafo, rumfarsa na jingine da ta Kirista ko mai addinin gargajiya, shi ne ba ta fara da aya ba, kowa na iya auna ta da hankalinsa. Ba ma Musulmi kaɗai suka riƙe ta ba. Yahaya Annahwi, Kirista ne a Iskandariya, ya kafa hujja cewa duniya tana da mafari tun kafin zuwan Musulunci, malamin Yahudawa Sa'adiya ya bi wannan hanya a Bagadaza, sannan a 1979 wani Kirista ɗan Amurka, William Lane Craig, ya fitar da littafi a kanta da sunanta na Larabci, wato kalam. Masu musun addini har yau suna jayayya da ita.

Shehun bai rasa tsanani ba. Ya goyi bayan Almagili a rikicin rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat. A ƙasar Hausa kuma wasu ɗalibai sun mayar da irin wannan karatu sandar duka, suna tare talakawa da tambayoyi, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Sai da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta rubuta musu raddi yana kare imanin talakawa.