Lauya Oliver Tambo Da Matarsa Nas Adelaide

Na so in rubuta tarihin mutum ɗaya ne, amma labarin Oliver Tambo na Afirka ta Kudu ba ya faɗuwa daidai sai an haɗa da na matarsa.

An haifi Oliver ranar 27 ga Oktoba 1917 a wani ƙauye kusa da garin Bizana. Ya yi karatun kimiyya a jami'ar Fort Hare, inda aka kore shi a 1942 saboda yajin ɗalibai. Ya koyar da lissafi a Johannesburg, sa'an nan ya koma karatun lauya. A 1952 shi da amininsa Nelson Mandela suka buɗe ofishin lauyoyi a birnin, daura da kotun majistare.

A wancan zamani Turawa 'yan tsiraru ke mulkin ƙasar bisa wariyar launin fata. Baƙin mutum bai isa ya yi yawo cikin birni ba sai da takardar fas a aljihu. In ya manta da ita a gida, laifi ne. In ya zauna a unguwar da ba a yarje masa ba, laifi ne. Manomi kuwa sai a wayi gari an tashe shi daga gonar kakanninsa. To, irin waɗannan bayin Allah su ne ke cika ofishin Tambo tun da sassafe, har a kan matakala, galibinsu kuwa ba su da abin biyan lauya.

Ita ko Adelaide an haife ta ranar 18 ga Yuli 1929 kusa da Vereeniging. Tana 'yar shekara 10 'yan sanda suka kama kakanta, tsoho mai shekara 82, suka yi masa bulala a bainar jama'a har ya suma, ita kuwa tana gefensa. Tun daga ran nan ba ta sāke ganin gwamnatin da mutunci ba. Ta shiga ƙungiyar ANC tana budurwa, ta koyi aikin jinya, ta yi aiki a babban asibitin baƙaƙen fata na Baragwanath.

Aurensu ma bai zo da sauƙi ba. A Disamba 1956 aka kama mutum 156 bisa zargin cin amanar ƙasa, har da ango. Da beli ya fito aka ɗaura auren cikin watan nan.

Bayan 'yan sanda sun harbe mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, ANC ta tura Tambo waje don ya kai kukanta ga duniya. Adelaide ta bi shi da yara, ta zauna a Landan. Shi kuwa maigida bai ga ta zama ba. Yau yana Majalisar Ɗinkin Duniya, gobe yana Lusaka ta Zambiya, tun ba ma da ya karɓi ragamar ƙungiyar a 1967 ba. Sai a daɗe ba su ga juna ba. Lauyan da ba ya shiga kotu kuwa ba shi da kuɗin kawowa gida, saboda haka da albashin nas aka ciyar da 'ya'yansu uku. Takan yi aikin rana ta haɗa da na dare, ga sanyin Ingila, ga kuma 'yan gudun hijira da ke sauka gidanta suna neman abinci da makwanci. Ni dai a ganina wannan wahalar ba ta gaza tasa ba ko kaɗan, sai dai ita ba a buga ta a jarida. Duk wanda uwarsa ke aikin asibiti a cikinmu ya san yadda mutum ke dawowa daga aikin dare.

Shekara 30 suka yi a waje. Sun koma gida a Disamba 1990, lokacin kuwa ciwon shanyewar jiki ya riga ya taɓa Tambo tun 1989. Ya rasu ranar 24 ga Afrilu 1993, saura shekara guda a yi zaɓen farko da baƙar fata da Bature suka shiga layi ɗaya. Bai jefa ƙuri'ar da ya yi wa wahala ba.

Adelaide ta zama 'yar majalisa daga 1994 zuwa 1999, ta kuma ci gaba da kula da tsofaffi da yara naƙasassu. A 2006 aka sa wa babban filin jirgin saman Johannesburg sunan mijinta. Ta rasu ranar 31 ga Janairu 2007 tana da shekara 77, aka binne ta kusa da shi a Wattville.