Dokta Barau Dikko (1912–1977): Likitan Farko Ɗan Arewa

1.0 Gabatarwa

A farkon mulkin Turawa, duk wanda ya je asibiti a Arewacin Nijeriya, Bature ko mutumin Kudu zai tarar yana duba marasa lafiya. Wanda ya fara sauya wannan hali shi ne Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, likitan zamani na farko ɗan asalin Arewa.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Barau Dikko a ƙasar Zazzau cikin shekarar 1912, a gidan da ke ƙarƙashin kulawar mishan ta C.M.S., wadda daga baya ta kafa mazauninta a Wusasa. Jagoran wannan mishan shi ne Dokta Walter Miller, likita kuma masanin Hausa, wanda ya jagoranci fassarar Baibul da aka buga a 1932.

A lokacin da akasarin 'yan bokon Arewa suke fitowa daga Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 domin horar da malamai, shi Dikko wata hanya ya bi. Bayan makarantar mishan, sai ya wuce King's College da ke Legas, daga nan kuma ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya sami digirin likitanci.

3.0 Aikinsa na Likita

Ya kama aikin gwamnati a 1940 a matsayin ƙaramin likita, ya zama babban likita a 1953. A 1957 ya hau muƙamin babban jami'i a sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida a ƙasa. Daga bisani ya zama Babban Sakatare a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa.

Domin a fahimci nauyin wannan aiki, sai a dubi kuturta, ɗaya daga cikin cututtukan da suka addabi jama'a a wancan zamani. Ƙwayar cutar takan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, har mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba. Daga nan gyambo ya ci nama, ya kai ga ƙashi, yatsu su guntule. Shi ya sa aka kafa matsugunan kutare kamar Babbar Ruga a Katsina. Sauƙi ya fara samuwa ne bayan binciken da Dokta John Lowe ya yi a Uzuakoli a ƙarshen shekarun 1940, wanda ya nuna ana iya haɗiyar maganin dapsone a warke. Sai dai magani ba ya kai kansa ƙauye. Sai an sami ma'aikata da tsari, kuma a nan ne aikin jami'ai irin su Dikko ya ta'allaƙa. Daga baya Babbar Ruga ta zama cibiyar ƙasa ta gyaran yoyon fitsari.

4.0 Hidimarsa ga Al'umma

Dikko yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, kuma shi aka zaɓa shugabanta a taron Kaduna na 1949, ko da yake shi Kirista ne, mafi yawan 'yan ƙungiyar kuwa Musulmi. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai ya sauka, domin doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki na Tarayya, sannan na Sufuri a 1971.

5.0 Kammalawa

Dokta Dikko ya rasu a 1977. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna yana ɗauke da sunansa. Ga ɗalibi mai shirin zama malami, abin lura shi ne cewa daga ajin elementare wannan doguwar tafiya ta faro, a hannun malamin da ya koya masa karatu da lissafi.