MARIGAYI MALAM AMINU KANO DA RIGIMAR ƘURI'AR MATA

A Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba ta Ikko, duk inda 'yan Arewa suka taru hira ta kai ga siyasa, da wuya a tashi ba a ambaci Malam Aminu Kano ba. Galibi ana tuna shi da yaƙin haraji da jangali. Amma akwai wata gardama da ya kwashe fiye da shekara 30 yana yi, watau ko addinin Musulunci ya yarda talaka ya zaɓi shugabansa, kuma ko mace tana da baki a wannan zaɓe.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga watan Agusta, 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali, saboda haka tun yana yaro ya san littattafan fiƙihu, ya kuma ga yadda ake shari'a a zauren alƙali. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, sa'an nan aka tura shi koyarwa Bauchi cikin 1942, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya ya je karatu Jami'ar London, ya komo ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru, cikin 1950 kuma ya ajiye aikin gwamnati ya shiga Jam'iyyar NEPU wadda aka kafa ran 8 ga Agusta na wannan shekara. Cikin 1953 ya zama shugabanta.

Mulkin En'e na wancan zamani ba irin na yanzu ba ne. Sarki yana da kotunsa, da 'yan dokarsa, da gidan yarinsa, alƙalai kuma a ƙarƙashinsa suke, Turawa na tsaye bayansa. Wanda ya soki sarki sai a ce ya fita daga ɗa'ar shugaban Musulmi. Da yawa daga 'yan NEPU an yi musu bulala ko an ɗaure su a kotunan alƙalai kan laifin zagin sarki ko yin taro ba izini, wasu malamai kuma suka riƙa kafirta su.

Malam Aminu bai ce a raba addini da mulki don a huta ba, ko da yake ya karanta littattafan 'yan gurguzu ya zauna da su a Ingila. Sai ya bi abokan gardamarsa har cikin littattafan da suke tinƙaho da su. Ya riƙa kafa hujja da rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi, yana nuna cewa an yi jihadin 1804 ne don kau da zalunci da harajin da ba shi da tushe a shari'a, kuma shawara da adalci su ne sharuɗɗan shugabanci. A ganinsa sarakunan zamaninsa sun koma ga abin da kakanninsu suka yaƙa. Wannan hujja ta fi kowace ciwo, domin ba yadda za a ce daga Turai aka kawo ta.

Kan batun mata ne gardamar ta fi zafi. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa an hana su, domin Jam'iyyar NPC ta tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba, kuma abin ya saɓa wa al'ada da addinin jama'a. NEPU ta nemi a ba su. Malam yana tuna wa mutane cewa Shehu da kansa ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u malama ce mai rubuta littattafai. Bai tsaya ga magana ba, ya sa hannu wajen kafa makarantun Islamiyya, yana kuma karantar da mata. Reshen mata na NEPU yana hannun Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka gurfanar gaban alƙali a Kano aka ɗaure, bayan ta fito kuma aka kore ta daga garin. An ƙirga ɗaurinta sau 16. Gaskiya ita ce matan NEPU sun sha wuyar da ta fi ta mazan, domin ban da kurkuku har da ɓata suna.

Jamhuriya ta farko ta faɗi cikin 1966 ba mace ɗaya a Arewa da ta yi zaɓe. Sai cikin 1976, zamanin soja, aka ba su wannan dama a zaɓen ƙananan hukumomi. Kafin nan Malam ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya na sadarwa, sa'an nan na lafiya, a gwamnatin Janar Gowon.

Wata gardamar kuma a cikin gida ta taso. A Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978 an yi taƙaddama kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta tarayya, har wakilai masu son kotun suka fice daga zama cikin Afrilun 1978. Malam Aminu yana cikin masu goyon bayan kotun, domin shi da ma ba shari'a yake faɗa da ita ba, masu murɗe ta ne. Amma Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da wasu 'yan boko masu ra'ayin gurguzu suna ganin rigimar duka dabara ce ta manya, ana amfani da addini don raba kan talakawan Musulmi da Kirista. Duk da haka suka taru a Jam'iyyar PRP cikin 1978.

A zaɓen 1979, wanda shi ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka shiga, Malam ya zo na huɗu da ƙuri'a wajen miliyan 1.7, PRP kuma ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa, waɗanda suka soke haraji da jangali. Zaman bai daɗe ba jam'iyyar ta dare biyu, Santsi da Taɓo. Yawancin 'yan bokon suka bi gwamnoni, suna zargin Malam da sassauta wa gwamnatin NPN. Wannan ɓaraka ta ci masa rai ƙwarai a ƙarshen rayuwarsa.

Da zaɓen 1983 ya gabato sai ya ɗauki mace 'yar Kudu, Misis Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa. Bai kai ga zaɓen ba. Allah ya yi masa rasuwa ran Lahadi 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mumbayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Allah ya jiƙansa.