Hajiya Gambo Sawaba: 'Yar Sabon Gari Da Ta Tsaya Wa Mata Da Talakawa

An haifi Hajaratu Gambo a shekarar 1933. Da yake tagwaye ta biyo a haihuwa, sai aka yi mata laƙabi da Gambo, kamar yadda al'adar Hausawa ta tanada. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Najeriya. Mahaifiyarta, Fatima, Banufiya ce, 'yar yankin Lavun da ke Jihar Neja ta yau.

Layin dogon da ya taso daga Baro, ya ratsa Minna da Zariya har ya isa Kano a 1911, shi ya tara ƙabilu daban-daban a garuruwan da ke bakinsa. A Zariya, Turawan mulkin mallaka sun keɓe wa baƙi unguwar Sabon Gari, a wajen ganuwar birni. A cikin wannan cakuɗa ta Hausawa, Yarbawa, Ibo da Nupawa Gambo ta yi wayo.

Karatunta bai yi nisa ba. Ta fara makarantar firamare a Tudun Wada, amma rasuwar mahaifinta a 1943, da ta mahaifiyarta bayan shekara uku, suka katse shi. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, auren da bai ɗore ba. Wannan ne ya sa daga baya ta zama kan gaba wajen adawa da aurar da 'yan mata ƙanana.

A ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Manufarta ita ce kuɓutar da talakawa daga danniyar En'e, aikin tilas da haraji mai nauyi. Gambo ta shiga tana da shekara 17, a lokacin da mace ba ta ko leƙa dandalin siyasa. Ba a jima ba ta zama shugabar reshen mata a Sabon Gari, kuma taken jam'iyyar, Sawaba, ya manne wa sunanta. Ta kuma yi tattaki zuwa Abeokuta don ganawa da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta shahara wajen haɗa kan matan Egba.

Salon aikinta shi ne bi gida-gida. Takan shiga wurin matan kulle, inda maza ba su isa su shiga ba, ta yi musu bayani kan ilimi da 'yancin zaɓe, ba tare da duba ƙabila ko addini ba. Wannan ya harzuƙa masu mulki. A Kano aka fara gurfanar da ita gaban alƙali tare da wasu mata kusan 200, bisa zargin yin taro ba da izini ba, aka ɗaure su wata guda. Daga baya aka hana ta zama a birnin. A tsawon gwagwarmayarta an ɗaure ta sau 16, ta sha bulala, an aske mata kai, kuma 'yan bangar siyasa sun yi mata dukan da ya bar mata tabo har ƙarshen rayuwarta.

Abin da ta nema bai samu da wuri ba. Matan Kudu sun kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, amma na Arewa sai a 1976 aka ba su dama, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. A Jamhuriya ta Biyu, Gambo ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Ba ta tara dukiya ba. Gidanta na Zariya ya kasance mafakar marayu da marasa galihu daga kowace ƙabila. Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2001, tana da shekara 68. A yau babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya da wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano suna ɗauke da sunanta.