Adamu Halilu: Ɗan Adamawa da Ya Kai Hausa Allon Sinima

Ya ku ɗalibai, idan kun kalli fim ɗin Hausa a Yola ko Jimeta, ku sani cewa cikin waɗanda suka share wa wannan sana'a hanya akwai ɗan jiharku. Sunansa Alhaji Adamu Halilu. An haife shi a ƙasar Adamawa a shekarar 1936.

A zamanin ƙuruciyarsa, mutanen Arewa sun fi sanin majigi, wato fim da ake haskawa a fili da dare domin wayar da kan jama'a. A gidajen sinima kuwa, fina-finan Indiya da na Amurka ne suka yi yawa. Halilu ya tafi Landan da Roma, babban birnin Italiya, ya koyi rubutun labarin fim da tace hoto. Da ya dawo gida, ya shirya fina-finan ilimantarwa masu yawa.

Babban aikinsa shi ne fim ɗin *Shehu Umar*, wanda ya ba da umarninsa a shekarar 1976. An ɗauko labarin daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko. Labari ne na wani yaro da aka sace aka mai da shi bawa, aka ƙetare hamada da shi zuwa Masar. Ya girma ya zama babban malami, mahaifiyarsa kuwa ta sha wuya wajen nemansa. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shehu Umar. An nuna fim ɗin a bikin FESTAC na 1977 a Legas.

Ku lura da abu guda. Halilu yana iya shirya fim ɗin da Turanci, amma da Hausa 'yan wasansa suka yi magana. Da haka ya nuna cewa harshen gida ya isa ya ɗauki labari mai nauyi, kamar na bauta da rabuwar uwa da ɗa. Daga baya ya shirya *Kanta of Kebbi*, kuma ya shugabanci Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Ya rasu a shekarar 2001.

Saura ƙiris wannan aiki ya salwanta, domin an daɗe ana zaton fim ɗin *Shehu Umar* ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar hukumar. Aka gyara su a Jamus, aka sake nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Shirya fim aiki ne babba, adana shi ma aiki ne da ke jiran masu tasowa irinku.

Tambayoyi
1. Mene ne majigi?
2. Wa ya rubuta littafin *Shehu Umar*?
3. Me ya faru a shekarar 2016?